IN TSOHO YA MANTA DA MU, MU MA SAI MU MANTA DA SHI?

Wata magana ce ta tsaya mini a rai, na ga ya kamata in baje ta gabanku, don shawara ɗaukar ɗaki ce.

Wata Jumma'a bayan an sauko masallaci muka tafi mu huɗu unguwar Mas du Taureau, nan Vaulx-en-Velin, mu gai da wani dattijo mutumin ƙasar Maraɗi. Tun yana saurayi ya zo Faransa, ya ƙarar da ƙarfinsa wajen aikin kamfani. Da can shi ne mai masaukinmu. Duk baƙon da ya sauka Liyon bai san gabas ba bai san yamma ba, shi zai kama hannunsa ya kai shi ofishin takardu, ya yi masa tafinta. Amma ran nan da muka shiga muka yi sallama, sai ya dubi ɗansa na cikinsa ya ce, "Malam, daga ina?" An jima ya tambaye mu ko yara sun shigo da awaki, alhali muna hawa na shida. Faransancin da ya yi shekara arba'in yana ci da shi duk ya zube, sai Hausar ƙauyensu. Abin mamaki kuwa, da la'asar ta yi ya tashi ya yi alwala daidai, ya karanta Fatiha ba gargada.

Muna saukowa sai wani yaro daga cikinmu, mai ilmi kuwa, ya ce mini, "Kawu, Baba fa ya riga ya tafi, gangar jiki ce ta rage. Ko mun zo ko ba mu zo ba, duk ɗaya ne gare shi." Na buɗe baki in tsawata masa, sai na ga ba ni da amsa a hannu. To, ga tambayar: mutumin da ya manta sunansa da sunan 'ya'yansa, shin yana nan, ko kuwa ya tafi? In yana nan, me ya ke binmu?

Bari mu fara jin ta bakin likitoci. A 1901 aka kawo wata mata mai suna Auguste Deter asibiti a birnin Frankfurt na Jamus, shekarunta 51, ta rikice. Likitan da ya duba ta shi ne Alois Alzheimer. Da ta rasu a 1906 ya bincika ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya tarar da wani abu kamar dasashi ya taru tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, wani kuma ya cukurkuɗe a cikinsu kamar zaren da kaza ta shiga. Yau na farko ana ce masa amiloyid, na biyu tau, cutar kuwa ta ɗauki sunan likitan. Ita ce mafi yawa cikin abin da mu ke tarawa mu ce gigin tsufa. Wani gigin kuma daga toshewar hanyoyin jini ya ke, watau ɗan'uwan hawan jini ne.

Yadda cutar ke tafiya shi ya warware mini al'amarin Baba. Ku ɗauki ƙwaƙwalwa kamar gidan gargajiya. Akwai wani ɗan sashe can ciki, daura da kunne, wanda aikinsa aikin zaure ne, ta nan kowane sabon labari ke shiga kafin a ba shi ɗaki. Yawanci nan cutar ke fara rushewa. In zaure ya faɗi baƙo ba ya shiga, amma mutanen cikin gida suna nan har wani lokaci. Shi ya sa tsoho ya kan manta abin da ya ci da safe, ya tuna sunan jakin ubansa. Shi ya sa kuma harshen da aka koya da girma ya kan riga na nono tafiya, abin da gaɓoɓi suka saba, kamar alwala, ya kan daɗe bai gushe ba.

Tsufan kansa fa, daga ina? A nan labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. A Sainte-Foy-lès-Lyon aka haifi Alexis Carrel a 1873, a Liyon ya koyi aikin likita, ya tafi Amurka, ya sami lambar Nobel a 1912 saboda gwanintarsa ta ɗinkin jijiyoyin jini. Cikin wannan shekara ya ɗebi ɗan tsokar zuciyar ɗan tsako ya sa a kwalba yana ciyar da ita, aka yi ta renonta har 1946, bayan mutuwarsa da shekara biyu. Sai duniya ta ɗauka ƙwayoyin jiki ba su mutuwa in an kula da su. Aka zauna a kan haka har 1961, sa'ad da Leonard Hayflick da Paul Moorhead suka nuna ƙwayar jikin mutum tana rabuwa kamar sau hamsin ne, sa'an nan ta tsaya. Ana zaton abincin da a ke zuba wa tsokar Carrel shi ke shigo da sababbin ƙwayoyi ba a sani ba. Daga baya aka gane ɗaya daga cikin dalilan tsayawar: a bakin kowane zaren gado akwai wani ƙulli, telomiya, kamar wanda a ke yi wa bakin igiya don kada ta warware, kowace rabuwa sai ya ragu. Mutum uku suka sami Nobel a 2009 kan wannan. Ko Jeanne Calment ta garin Arles, wadda ba a tabbatar da wani ya kai ta daɗewa ba, a shekara 122 ta tsaya, cikin 1997. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

Amma kuskuren Carrel na kwalba ƙarami ne in an gwada shi da ɗayan. A littafin da ya wallafa a 1935 ya auna mutane da ma'aunin amfani, har ya ba da shawara a riƙa kashe waɗansu masu laifi, da mahaukatan da suka yi ɓarna, da iskar guba. Saboda irin wannan ra'ayi aka cire sunansa daga makarantar likitoci ta Liyon a 1996. Ku duba fa, mutumin da ya shekara talatin ana lallashin tsokar kaza da sunansa don kada ta mutu, shi ne ya ga ran wanda hankalinsa ya taɓu bai kai a tsare ba. Ashe ilmi ya kan gaya maka yadda ƙwaƙwalwa ke lalacewa, amma darajar mai ƙwaƙwalwar sai ka nemo ta wani wuri.

Kada kuma a ce sai mugu ke yar da irin waɗannan bayin Allah. Nan kusa da mu a Bron akwai asibitin Vinatier. Zamanin da Jamus ta mamaye Faransa, daga 1940 zuwa 1944, majinyata wajen 2,000 suka mutu a can saboda yunwa, a ƙasar duka kuwa wajen 45,000 cikin asibitocin masu taɓin hankali. Wata malamar tarihi ta Liyon, Isabelle von Bueltzingsloewen, ta bi takardun ta fitar da littafi a 2007. Abin da ta gano shi ne ba wanda ya ba da umurnin a kashe su. Abinci ne ya yi ƙaranci, na waje suna ta fafutukar cikinsu, na ciki kuwa ba su iya fita nema, da yawansu ba mai kawo musu ɗan ƙunshi. Da hukuma ta ƙara musu rabo a ƙarshen 1942 sai mutuwar ta ragu. Haka kuma zafin watan Agusta na 2003 ya kashe wajen mutum 15,000 a Faransa, galibinsu tsofaffi, har a Faris aka binne waɗansu a maƙabartar Thiais ba dangin da ya zo neman gawarsu. Mantuwar masu lafiya ta yi wannan aiki.

To, ga amsar da na rasa a kan matakala. Malamanmu na fiƙihu sun ce hankali sharaɗi ne na ɗora wa mutum nauyi. Wanda hankalinsa ya gushe, an ɗauke masa salla da azumi, ba a kama shi da abin da ya faɗa. Amma ba malamin da ya ce an ɗauke wa ɗansa biyayya, ko an ɗauke wa maƙwabcinsa haƙƙin maƙwabtaka, ko dukiyarsa ta halatta, ko kuwa in ya mutu a bar yi masa sutura. Watau nauyin da ke kansa ya sauka, haƙƙin da ya ke bi yana nan daram. Jariri ma bai san sunan uwarsa ba, ba kuwa wanda ya ce gangar jiki ne. Muka ce jariri yana da gobe, tsoho ba shi da ita, to mun koma ma'aunin Carrel ke nan, muna auna mutum da abin da za a samu gare shi.

Ga wani abu kuma. Mutum ba shi kaɗai ke riƙe da labarinsa ba. Ranar suna waɗansu suka raɗa maka suna ba ka sani ba, ranar jana'iza waɗansu za su faɗi halinka ba ka ji. Baba ya manta shi ne ya kai ni ofishin takardu cikin sanyin da ban taɓa jin irinsa ba, amma ni ban manta ba. Bashi ba ya faɗuwa don mai bi ya manta. Abin da ya zube daga kansa ajiya ce a hannunmu, mu ne rumbunsa yanzu.

Saura maganar "duk ɗaya ne gare shi". Ita ma masu bincike sun gwada ta. A jami'ar Iowa ta Amurka, cikin 2014, aka nuna wa masu wannan cuta majigi, wani na ban dariya wani na ban tausayi. An jima kaɗan suka manta abin da suka gani, waɗansu ma suka manta an yi kallon, amma farin cikin ko ɓacin ran ya zauna tare da su. Don haka in ka gai da Baba ya yi murmushi, ka fita ya manta da kai, daɗin ya saura a ɗakin. Haka in ka daka masa tsawa.

Ban ce abin da sauƙi ba. Na ga 'yarsa, idonta ya faɗa don rashin barci, ga aiki, ga yara, ga ɗaki ƙarami. A gida akwai tsakar gida da dangi goma, nan kuwa mutum ɗaya ke ɗauke da jinka. Iyalin da suka gaji suka kai tsohonsu gidan kula da tsofaffi ba su yi abin kunya ba, kada mu bi su da baki. Abin kunya shi ne a kai shi a juya baya. Kada kuma mu yi wa Turawa dariya, don mu ma a ƙasashenmu sau nawa tsohuwa ta rikice aka ce mayya ce, yara suka bi ta da jifa?

Maganin warkewa dai ba a samu ba tukuna. A 2018 Faransa ta daina biyan kuɗin magunguna huɗu na wannan cuta don an ga amfaninsu kaɗan ne, sababbin da suka fito kuwa, irin wanda Amurka ta amince da shi a 2023, rage saurin cutar kawai su ke yi ga wanda ta fara kamawa. Amma rigakafi ya fi magani. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abu 14 a 2024, ya ce da za a kawar da su da an hana ko an jinkirta kusan kashi 45 cikin ɗari na gigin tsufa. A ciki akwai hawan jini, da ciwon sukari, da shan taba, da rashin motsa jiki, da raunin ji da na gani, da kaɗaici. Ku lura da na ƙarshen nan. Zumuntar da kakanninmu suka ce a ƙafa ta ke, ga ta cikin lissafin likitoci.

Saboda haka ina roƙon ƙungiya abu uku. Na ɗaya, a rubuta sunayen dattawanmu da ke zaune su kaɗai, a raba kwanaki, kada mako ya wuce ba wanda ya leƙa su, a kuma riƙa karɓar masu jinya ko da na yini guda ne su huta. Na biyu, wanda aka ga ya fara yawan mantuwa a raka shi wurin likita da wuri, don wata mantuwar ta ƙarancin sinadari ce ko ta damuwa, tana warkewa. Akwai sashen duba mantuwa a asibitin Charpennes a Villeurbanne. A tafi da mai jin Hausa, kada a gwada tsoho da harshen da ya riga ya kuɓuce masa. Na uku, samari su zauna da tsofaffi tun suna iyawa, su rubuta garinsu da danginsu da yadda suka zo, domin ranar da za su tambaye mu su wane ne su, mu sami abin faɗa musu.

Jumma'ar da ta biyo muka koma, har da yaron nan. Baba ya tambaye shi ko an shigo da awaki. Ya ce, "An shigo da su, Baba, duk an ɗaure." Tsoho ya ce, "Madalla, Allah ya yi maka albarka." In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya sa mu gama da hankalinmu, in kuwa ya riga mu tafiya, Allah ya bar mu hannun masu tunawa. Wassalam.

Naku,
Wani ɗan zango, Vaulx-en-Velin.