Ma'aikatan Sabuwa, Ku Rubuta Garinku Cikin Lissafin Gwamnati

A watan Satumba na 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina don a toshe wa 'yan bindiga hanyar samun labari. Sabuwa na ciki, haka Faskari da Ƙanƙara da Ɗandume. Aka shafe watanni mai son kiran ɗan'uwansa sai ya yi tattaki neman inda sabis ke kamawa, mai POS ya naɗe laimarsa, ma'aikacin lafiya ya rungumi rahoton wata ya hau babur a kan hanyar da kowa ya san hatsarinta. Wanda ya yi aiki a wancan lokaci ba ya buƙatar wani ya zo daga Abuja ya gaya masa amfanin waya da intanet.

Da ku nake magana: malamin firamare a Damari, ungozoma a Maibakko, malamin gona a Machika, akawu a sakatariya, da mai ɗaukar hoton katin ɗan ƙasa. Aikin gwamnati yana komawa cikin na'ura, kuma na'ura ba ta san Sabuwa ba sai abin da hannunku ya shigar mata.

Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006. Yaron da aka haifa a waccan shekarar, yanzu ya isa aure. Tun daga lokacin garuruwa sun cika, wasu ƙauyuka sun watse saboda hare-hare, mutanensu sun kwararo cikin gari. To, da wane lissafi mai tsara kasafi a Katsina zai san ajujuwa nawa ake buƙata, ko allurar rigakafi nawa za a turo? Da rajistarku. Littafin da ake cikawa a ƙaramin asibiti, jami'in ƙaramar hukuma ne ke tattara shi duk wata ya ɗora a manhajar DHIS2, daga nan jiha da tarayya su gani. Haihuwar da ba a rubuta ba, a idon gwamnati ba a yi ta ba. Tun Nuwamba 2023 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta ƙaddamar da rajistar haihuwa ta na'ura, amma sai an sami wanda zai zauna da mai jego ya rubuta sunan jaririnta daidai. Ɗalibin da zai rubuta JAMB sai da lambar NIN, kuma harafi ɗaya da aka karkata a sunansa kan iya sa ya yi asarar shekara. Saboda haka kada wani ya raina muku wannan zama da kuke yi gaban takarda da kwamfuta.

Wahalar a fili take. Wuta sai ta ga dama, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, kuɗin data sau da yawa daga aljihunku yake fita, albashi kuwa ba ya kai ƙarshen wata. Akwai kuma tsoron da dattijon ma'aikaci kan ji, cewa na'ura ta zo ta kore shi. Baba, kwantar da hankalinka. Yaron da ya iya latsa kwamfuta bai san cewa masu suna Musa Ibrahim uku ne a unguwa ɗaya ba, kai ka san su har kakanninsu. Ka koya masa gari, ya koya maka na'ura. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma shugabanni, daga ciyaman da kansiloli zuwa daraktoci da shugabannin sassa, nauyinku ya ƙaru. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Aiwatarwa tana jan ƙafa, amma jama'a sun ji hukuncin a rediyo, kuma za su tambaya. Shugaban da ya manna abin da ya shigo da abin da aka kashe a allon sakatariya, ya tura shi a zaurukan WhatsApp na mazaɓu, ya sa a karanta wa wanda bai iya karatu ba, ya rufe bakin masu zargi tun kafin su buɗe. Ku saya wa ma'aikatanku fitila da batir mai aiki da hasken rana kafin ku sauya labulen ofis. Wanda ya kawo alƙaluman gaskiya, ko da ba su yi daɗi ba, a yaba masa a gaban kowa. Alƙaluman da aka ƙawata don a faranta wa maigida rai su ne ke sa a turo magani kaɗan inda cuta ta fi yawa.

Manomin masara da waken suya, da 'yar kasuwa, da ɗan acaɓa, ku ma kuna da kujera a wannan zama. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, kuma an tsara wani kaso ya shiga asusun ƙaramin asibitin mazaɓa kai tsaye, kwamitin ci gaban mazaɓa yana sa ido. Wannan kwamiti naku ne. Ku halarci zamansa, ku tambayi nawa ya shigo, me aka saya. Gwamna Dikko Umar Raɗɗa ma ya kafa shirin ci gaban al'umma a mazaɓu 361 na jihar, wanda ya ɗora wa mutanen kowace mazaɓa zaɓen aikin da suka fi buƙata. In ba ku je ba, wasu za su zaɓa muku.

Sabuwa tana can ƙarshen kudancin jiha, bakin iyakar Kaduna, nesa da ofisoshin da ake yanke shawara. Rubutu na gaskiya da ya isa a kan lokaci shi ke rage wannan nisa. Gobe da safe ku buɗe rajista, ku cika ta daidai, ku tura kafin wa'adi ya wuce, ku koya wa na kusa da ku. Allah Ya tsare ku a hanya, Ya sa albarka a guminku.