Wanda Ya Sayar Da Bakin Tafki, Me Ya Sayar?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yi mini kai-kawo a zuci, ina kuwa so in ajiye ta gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ko a sami wanda zai kama mini. Tambayar ita ce: idan mutum yana da gidan hutu cikin kurmi a bakin tafki, ya ga dama ya sayar, shin duk abin da ya miƙa wa mai saye nasa ne? Na san wani zai ce ai wannan ba abin ɓata tawada ba ne. Mai abu da abinsa, dillali ya karɓi la'ada, shaidu su sa hannu, shi ke nan. To, ni dai ban gamsu ba, ga kuma dalilina.

Don kada maganar ta zama shaci-faɗi, bari in kafa ta a kan wani tafki sananne. Sunansa Walden, yana gefen garin Concord a jihar Massachusetts ta Amurka, kimanin mil 20 yamma da birnin Bostan. Faɗinsa ya ɗara eka 60, kurmi kuma ya kewaye shi. A shekarar 1844 marubucin nan Ralph Waldo Emerson ya sayi fili a bakinsa. A kan wannan fili ne abokinsa Henry David Thoreau ya gina 'yar bukka mai tsawon ƙafa 15 da faɗin ƙafa 10, ya tare cikinta ran 4 ga Yuli, 1845, ya yi shekara biyu da wata biyu yana noman wake yana rubutu. Littafin da ya fito daga wannan zama a 1854, mai ɗauke da sunan tafkin, shi ya sa duniya ta san wurin.

Yawancin masu karanta littafin sukan ɗauka Thoreau ya shiga dajin da ba kowa ne. Alhali kuwa wurin yana da mutanensa. Daga wannan kurmi mutanen Concord suke saro itacen da suke jin ɗumi da shi lokacin hunturu. Masu kamun kifi sukan fasa ƙanƙara su jefa ƙugiya. Tun kafin zuwansa ma, waɗansu baƙar fata da suka fita daga bauta sun zauna a can, kamar su Brister Freeman, wanda har yanzu akwai tudun da ake kira da sunansa, da wata mata Zilpah White mai sana'ar kaɗi. Talaka ne ya fara sanin amfanin wurin, domin ƙasar rairayi ce wadda manyan manoma ba su damu da ita ba.

A nan ne gizo yake saƙa. Takardar ciniki tana ambaton iyaka daga gabas zuwa yamma, da yawan eka, da kuɗin da aka biya. Ba ta ambaton 'yar hanyar ƙafa da mai kamun kifi yake bi da asuba, ko ƙiraren da tsohuwa take tsinta, ko wurin da yaran ƙauye suke koyon iyo. Waɗannan abubuwa suna nan tun kafin mai gidan ya zo, ya kuma same su ya ƙyale su. Ranar da sabon mai gida ya kafa shinge ya rataya allon hana shiga, duk sun tafi. Wanda ya yi hasarar ba ya cikin masu ciniki, ba a kuma ba shi ko anini ba. Saboda haka nake cewa mai sayarwa ya haɗa da kayan wani cikin nasa, ko da bai yi nufin haka ba.

Mutanen da suka kafa Massachusetts sun hango wani ɓangare na wannan matsala. A cikin dokokinsu na tsakanin 1641 da 1647 sun tanadi cewa duk tafkin da ya wuce eka 10 na jama'a ne wajen kamun kifi da harbin tsuntsaye, har ma mutum yana iya ratsa filin wani da ƙafa don ya isa ruwan, muddin bai taka shuka ko ciyawar yanka ba. Malaman fiƙihu su ma sun san cinikin ƙasa yana taɓa wanda ba ya wurin, shi ya sa akwai babin shufa'a. A mazhabar Malikiyya abokin tarayya ne yake da haƙƙin karɓe rabon da aka sayar ya biya kuɗin, Hanafawa kuwa sun ba har da maƙwabci. Amma doka iyakarta ta hana mafi muni. Abin da ya rage yana wuyan mai sayarwa.

Yanzu sai mu saurari mai ja da ni, don shi ma yana da hujja. Zai ce: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wataƙila dattijo ne ƙarfinsa ya ƙare, ba ya iya gyaran rufi ko biyan harajin fili. Wataƙila magada ne su shida, kowa yana wani gari, ba yadda za a raba bukka ɗaya. Wataƙila bashi ne ko jinya. Da wane baki za a ce wa irin wannan mutum ya rage farashi saboda masu kamun kifi? Kuma idan babban mai kuɗi ya saya ya yi gini, ai 'yan ƙauyen ne za su sami aikin birkila da gadi.

Wannan magana tana da nauyi, tarihin Walden ma ya nuna haka. Wajen ƙarshen shekarun 1980 waɗansu 'yan kasuwa sun shirya gina katafaren ofis a tudun Brister, da rukunin gidaje a wani tudu na kusa. A 1990 mawaƙin nan Don Henley ya kafa ƙungiyar ceton kurmin, aka tara kuɗi aka saye filayen, gini ya fasu. Sai dai daga cikin gidajen da aka hana ginawa akwai waɗanda aka yi niyyar ware wa masu ƙaramin ƙarfi. Ashe kare itatuwa ma yana iya zama abin da mai hali yake more wa, talaka ya rasa wurin kwana. Don haka ba zan ce duk mai ƙin sayarwa waliyyi ne ba, ko duk mai sayarwa maci amana ne.

To, ina mafita? Ni a ganina tambayar "in sayar ko kada in sayar" ba ita ce babba ba. Wadda ta fi ta ita ce: wa zan sayar wa, kuma bisa wane sharaɗi? Dubi abin da ya faru a 1922. Zuriyar Emerson da waɗansu iyalai biyu suka miƙa wa jiha kimanin eka 80 na bakin tafkin, suka rubuta cewa a kiyaye gaɓar da kurmin yadda suke, a kuma bar jama'a su yi wanka da kamun kifi da tuƙa kwalekwale. A 1957 hukumar da take kula da wurin ta sa aka sare itatuwa aka baje wani gangare don a faɗaɗa wurin wanka. Mutane suka kai ƙara, a 1960 babbar kotun jihar ta yanke cewa dole a bi sharaɗin masu kyautar. 'Yan layuka da aka rubuta shekara 38 kafin nan su suka tsayar da motar rusau.

Na sani waɗancan kyauta suka yi, kuma masu hali ne. Amma darasin bai tsaya kan mai kyauta ba. Mai sayarwa ma yana iya ware hanyar zuwa ruwa daga cikin cinikin. Yana iya fara yi wa maƙwabci ko jama'ar ƙauye tayi kafin ya kira dillalin birni. Yana iya gaya wa mai saye gaskiya: ga masu bi ta nan, ga masu ɗiban ruwa a can, in ka saya da su ka saya. Kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Lalle farashi zai iya raguwa. Amma wannan ragin, in an duba da kyau, kuɗin abin da ba nasa ba ne tun asali. Wanda larura ta matsa wa har bai iya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ba na ganin laifinsa. Wanda nake tuhuma shi ne mai wadatar da ya san komai, ya yi shiru don a ƙara masa 'yan kuɗi.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin Turawa ne, ina ruwanmu. Mu ma muna da burtali da mashaya, mun kuma ga abin da yake biyo baya idan aka wayi gari an nome su ko an kewaye su da waya. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin jama'a. Daga cikinmu, mu da muke zaune a aji yau, za a sami masu auna fili, da lauyoyin da za su rubuta takardar ciniki, da jami'an da za su buga mata hatimi. Da yawanmu kuma za mu gaji gona a bakin fadama ko madatsar ruwa, mu kuwa muna birni, wani ya zo da tayi mai tsoka.

Idan wannan rana ta zo, abin da nake roƙo kaɗan ne. Kafin a sa hannu, a taka a je wurin da sassafe, a tsaya a ga su wa suke bin hanyar zuwa ruwa, a tambayi sunayensu. Sa'an nan a koma a duba takardar, a ga ko an bar musu wurin wucewa. Allah ya sa mu fi ƙarfin zukatanmu, amin.