Ka San Lokacin Tashi Daga Kujera

Karatun yau: Yahaya 3:22-30, Ayyukan Manzanni 11:22-26
Ayar haddacewa: Yahaya 3:30

Akwai gwajin da yake zuwa wa bawan Allah a lokacin da hidimarsa ta yi kyau, suna ya fita, mutane suna yabo. Gwajin shi ne ranar da Allah zai tā da wani a ƙarƙashinka wanda baiwarsa ta fi taka. Me za ka yi da shi? Yau za mu koyi darasi daga rayuwar wani masanin lissafi na ƙasar Ingila, wanda kuma firist ne na Ikilisiyar Angilikan. Sunansa Ishaku Barrow.

An haife shi a birnin Landan a 1630. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne mai sayar da yadi. Yana yaro babu abin da ya sani a makaranta sai faɗa da rigima. Masu tarihinsa sun ba da labari cewa mahaifin ya gaji har ya yi addu'a cewa in Allah zai ɗauki ɗaya daga cikin 'ya'yansa, to Ishaku ne wanda zai fi sauƙin rabuwa da shi. Amma Allah bai amsa wannan addu'a ba, yabo ya tabbata ga sunansa! Aka sauya wa yaron makaranta, ya natsu, ya kama karatu, har ya shiga Kwalejin Tiriniti a jami'ar Kambirij. Iyaye, kada ku yanke ƙauna daga ɗan da yake ba ku ciwon kai yau. Ba ku san abin da Ubangiji ya ajiye a cikinsa ba.

Daga 1655 ya yi shekara huɗu yana yawon neman ilimi a Faransa da Italiya da Turkiyya. Da ya dawo a 1659 aka naɗa shi firist. A 1660 ya zama farfesan harshen Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. A 1663 aka kafa sabuwar kujerar farfesan lissafi a Kambirij da dukiyar da wani mai suna Henry Lucas ya bari, Barrow kuwa shi ne mutum na farko da ya zauna a kanta. Ba ƙaramin masani ba ne. Shi ya nuna cewa auna gangaren lanƙwasasshen layi da auna faɗin filin da ke ƙarƙashinsa ayyuka biyu ne masu warware juna, kamar tarawa da ɗebewa. Wannan yana cikin tushen lissafin da 'ya'yanmu suke fama da shi yau a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

A kwalejin nan akwai wani saurayi, shi ma Ishaku, wato Ishaku Newton, wanda Barrow ya girme shi da shekara 12. A 1669 saurayin ya nuna masa wani rubutu na lissafi da ya yi. Barrow ya karanta, ya gane cewa yaron nan ya wuce inda shi ya tsaya. A lokacin ba a san Newton a waje ba, kuma ba mai son nuna aikinsa ba ne. Da Barrow ya jefa takardar a akwati ya yi shiru, wa zai tambaye shi? Amma sai ya aika da ita ga wani masani a Landan mai suna John Collins, daga baya ya bayyana sunan mai aikin, ya yabi hazaƙarsa ƙwarai. Kafin shekarar ta ƙare ya sauka daga kujerar, ya ba da kansa ga nazarin Maganar Allah da wa'azi, da goyon bayansa kuma aka ɗora Newton, yana da shekara 26. Barrow kansa bai kai 40 ba. Ba tsufa ya tashe shi ba, ba ciwo ba, ba kuma korarsa aka yi ba.

Ku dubi karatunmu. Almajiran Yahaya Maibaftisma sun zo masa da ƙorafi cewa jama'a duk sun koma wurin Yesu. Yahaya bai ɓata rai ba. Ya tuna musu cewa duk abin da mutum ya samu daga sama aka ba shi, ya kuma kwatanta kansa da abokin ango. Mun san aikin babban abokin ango a bikinmu: shi ne mai kai da kawowa, shi ne mai shan rana. Amma in an kai amarya ɗaki, sai ya yi sallama ya tafi gida da murna. Abokin angon da ya ƙi fita daga ɗakin ya zama abin kunya.

Haka Barnaba ya yi. Da ya ga aikin Antakiya ya yi yawa, da ƙafarsa ya tafi Tarsus ya nemo Shawulu. Ka lura da kyau a Ayyukan Manzanni: da farko sunan Barnaba ne a gaba, daga sura 13 kuwa sai sunan Bulus ya fara wucewa gaba. Barnaba bai ce a mai da yaron Tarsus ba. Sarki Saul kuwa, da ya ji mata suna yabon Dawuda fiye da shi, māshi ya ɗauka (1 Sama'ila 18). Ƙarshensa ya rasa salama, ya rasa sarauta, Dawuda kuma ya hau gadon. Gaskiyar Bahaushe, hassada ga mai rabo taki ce.

Ɗan'uwana, 'yar'uwata, bari mu dawo gida. Kai shugaban mawaƙa, akwai yarinyar da in ta ɗaga murya Ruhu Mai Tsarki yake sauka, amma kullum a layin baya kake ajiye ta. Ke uwar zumuntar mata, shekara nawa ke nan ba a yi zaɓe ba? Kai dattijo, kai fasto, saurayin nan mai wutar bishara, ka taɓa ba shi bagade ko na minti goma? Matasa nawa suka bar ikilisiya, ikilisiyoyi nawa suka tsage biyu, domin wani ya ɗauki kujerar Allah kamar gadon gidansu? Manomin albasa a fadamar Rima ya san cewa in iri ya isa dashe aka bar shi a cunkushe, ba zai yi kai ba. Mu a nan Sakkwato ba mu da yawan da za mu yi asarar ko ma'aikaci ɗaya saboda kishi.

Kada ka ce in ka tashi ka ƙare. A 1670 Sarki Charles na Biyu ya ɗauki Barrow cikin masu yi masa wa'azi, ba a daɗe ba kuma ya naɗa shi shugaban Kwalejin Tiriniti gaba ɗaya. Ya rasu a 1677 yana da shekara 46, aka binne shi a babbar majami'ar Westminster, inda aka binne sarakunan Ingila da yawa a dā. Shekara goma bayan rasuwarsa, a 1687, Newton ya fitar da littafin da ya bayyana dokokin motsi da ƙarfin da yake riƙe da wata da duniyoyi a kan hanyarsu. Barrow bai ga wannan rana ba, amma yana da hannu a cikinta. Wani ya shuka, wani ya yi ban ruwa, Allah ne mai sa girma.

Kai kuma matashi da aka ba wuri, kada ka raina hannun da ya ɗaga ka. Ranar tashinka ma tana zuwa.

Abin yi a wannan mako: Ka rubuta sunan mutum ɗaya da kake gani Allah yana tā da shi a sashenka. Ka yi masa addu'a kowace rana, ka yabe shi a gaban mutane, ka ba shi wani aiki da ka saba riƙewa kai kaɗai.

Addu'a: Ya Uba na sama, duk abin da nake da shi daga hannunka ya fito. Ka tumɓuke kowane saiwar kishi daga zuciyata da wutar Ruhu Mai Tsarki. Ka buɗe idona in ga waɗanda ka shafe, ka ba ni alherin ɗaga su da murna. Bari sunan Yesu kaɗai ya ɗaukaka a ikilisiyarmu. A cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.