Rubuta mutuwa: shisshigi ne cikin ikon Allah?

Ɗan'uwa mai karatu, in an yi rasuwa a gidanku, me kuke yi? A yi wanka, a yi salla, a kai mamaci makwancinsa. A yi sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in. To, wa ke zuwa wurin mai gari ko meri don a rubuta?

Wani zai ce maka: "Kwana ne ya ƙare. Rubutu na maido shi?" Gaskiya ne, ba ya maidowa. Rai na Allah ne. Amma ba don mamaci ake rubutun ba, don masu rai ne.

Dubi makiyayi. In tunkiyarsa ta faɗi, ya san ikon Allah ne. Duk da haka sai ya bincika wace ciyawa ta ci, a wane tabki ta sha, don kada sauran garke su bi ta. Wa ya taɓa ce masa ya yi saɓo?

Haka ƙasa take. Ka san sanƙarau, ciwon bazara, wanda ya yi mana ɓarna mai yawa a 1995. Kowane sati, gidajen likita suna aika yawan waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu zuwa Yamai. In yawan ya hau a wata gunduma, can ake fara kai allurar rigakafi. Amma garin da ke rufe ƴaƴansa shiru, a takarda lafiya lau yake. Magani sai ya wuce shi.

Waɗanda aka fi mantawa su ne jaririn da bai kai suna ba, da macen da ta rasu wajen haihuwa a cikin ɗaki. Kunya da baƙin ciki kan rufe baki. Tun 2006 aka yanke cewa yara ƴan ƙasa da shekara 5 a yi musu magani kyauta. Yaya za a san ko yaran garinku sun amfana, in ba a san nawa suka rasu ba?

Yanzu kai ka iya rubutu. Sayi littafi. In an yi rashi, bayan gaisuwa, rubuta sunan mamaci, shekarunsa, ranar rasuwa, da alamar ciwon: zazzaɓi, zawo, ƙyanda ko sandarewar wuya. Ka raka dangi su sanar. Haƙuri wajibi ne, amma shirun da zai sa ɗan maƙwabcinka ya bi bayan naka, wannan ba haƙuri ba ne.