Bashin Alheri a Hanyar Garwa Bulai

Mu huɗu muka tashi daga Kilomita Biyar a kan babura uku, cikin watan Janairun 2023: ni da Tela da Mai Goro, sai Auta da na goya a baya. Bikin wani abokinmu za mu je a Garwa Bulai, garin da ke bakin iyakar Kamaru, wajen kilomita 600 daga Bangi. Kowa ya ce mu hau mota, ta fi sauƙi. Amma wannan hanyar mun taɓa bin ta a 2014, a cunkushe a bayan manyan motoci, kawunanmu a sunkuye, sojoji na yi mana rakiya. So muke mu bi ta ko sau ɗaya da rana tsaka, mu tsaya inda muka ga dama, mu sha shayi a inda a da ba ma iya ɗaga kai.

Ranar farko shingaye suka cinye mana lokaci tun daga Kilomita Goma Sha Biyu, muka kwana a Bowali. Da safe muka je kallon inda kogin Mbali yake gangarowa daga kan dutse, Auta ya ɗauki hotuna har wayarsa ta mutu. Da muka doshi Yaloke sai hira ta ɗauke. A garin ne ɗaruruwan Fulani suka yi fiye da shekara a killace a unguwa ɗaya, kuma a dajin da ke kusa da shi aka kashe yayan Tela, uwa ɗaya uba ɗaya. Muka ratsa garin ba mu ko sayi fetur ba.

Bayan la'asar, tsakanin Yaloke da Bosamtele, kacar babur ɗin Tela ta tsinke. Muka tura shi zuwa wani ɗan ƙauye da bai fi gida talatin ba. Babu masallaci, babu mai jin Hausa, ga rana tana shirin faɗuwa. Yara suka kai mu wurin wani bakanike, mutum mai kimanin shekara arba'in, da dogon tabon sara a damtse da tsohuwar laya a wuya. Muka gaisa da Sango. Ya duba kacar, ya ce ba shi da irinta, amma zai ciro ta wani mataccen babur ya rage mata tsawo, sai dai aikin zai kai dare. Ya ce kada mu bi hanya cikin duhu, mu kwana a rumfarsa. Can sai ga matarsa da tuwon rogo da miyar ganye. Ba mu tambaya ba ya ce, “Babu nama a ciki, ku ci.”

Tela ya ja ni gefe. “Malam, ka ga wuyansa? Ka ga hannunsa? Ka lissafa shekarunsa a 2014. Wallahi ba zan ci abincin mutumin nan ba.” Bai ci ba. Ya kwana a zaune, jingine da babur. Ni na ci, na ƙoshi, na yi godiya. Tun daga daren nan tambaya ɗaya take bina: idan wanda kake zargi da hannu a cutar da aka yi wa naka ya yi maka alheri, ka karɓa ka gode, ka ci amanar waɗanda suka mutu?

Sai da na fara tambayar kaina abin da na sani game da mutumin. Na san tabo, na san laya, na san shekaru. 'Yan anti-balaka sun yi suna da rataya layu, gaskiya ne, amma mafarauta da manoma a ƙauyukan nan suna rataya su tun kafin a haife mu. Tabon kuma zai iya zama na wanda ya kai hari, zai iya zama na wanda aka kai wa. Mu 'yan Kilomita Biyar ba mu cika son tuna wannan ba: bayan da Seleka ta kama Bangi a watan Maris na 2013, mayaƙanta sun ƙona ƙauyuka, sun kashe mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, da yawansu Kirista. Ta yiwu shi ma da ya ga hulunanmu ya yi irin lissafin da Tela ya yi. In ya yi, bai hana shi tsugunawa da tocila a baki yana bugun kacarmu ba. Abin da nake zato yana da fuska biyu. Abin da idona ya gani fuska ɗaya gare shi. Shi ya sa Hausawa suka ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Kuma hanyar nan kanta ta hana ni yi wa jama'a kuɗin goro. A Bosamtele, garin da ke gabanmu, wani limamin Katolika ɗan ƙasar Togo, Fada Bernard Kinvi, ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi a asibitin mishan a 2014, alhali ana yi masa barazanar kisa. Ko a tarihinmu, wanda ya nuna wa Annabi (SAW) da Sayyidina Abubakar hanya a lokacin hijira, Abdullahi bn Uraiƙiɗ, ba Musulmi ba ne a lokacin. Amanarsa da sanin hanyarsa aka duba.

To, idan kuma Tela ne mai gaskiya fa? A ce mutumin ya riƙe adda a wancan lokaci. Nan ma ina ganin godiyata ba ta wanke shi ba, domin ba ta da ikon wankewa. Na gode masa ne a kan kaca da tuwo da wurin kwana, kuma waɗannan ya yi su. Jinin da aka zubar yana da masu shi: iyalan mamata, da shari'a, da Allah. A watan Yulin 2025 kotun duniya da ke Hague ta sami jagororin anti-balaka biyu, Alfred Yekatom da Patrice-Edouard Ngaïssona, da laifi, bayan shekaru ana sauraren shaidu. Ga yadda ake tabbatar da laifi ke nan, ba da kallon damtse a hasken tocila ba. Alheri ba ya goge laifi, laifi ma ba ya mayar da alheri ƙarya. Mutum ɗaya yana iya ɗauke da duka biyun, kowanne da nasa lissafin.

Inda na yi kuskure shi ne da safe, da na fara yi wa Tela wa'azi cewa ya yi haƙuri, abin da ya wuce ya wuce. Ya dube ni ya ce, “Yayan wa aka kashe?” Na yi shiru, don ba ni da amsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga baya na tuna labarin Wahshi, wanda ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu. Da ya musulunta an karɓi musuluncinsa, ba a taɓa shi ba, amma Annabi (SAW) ya nemi ya riƙa kawar da fuskarsa daga gare shi. Idan mafi tausayin halitta ya ji nauyin kallon wannan fuska, ni wane ne da zan tilasta wa Tela ya sa hannu a kwano ɗaya da wanda zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba? Abin da ke kansa shi ne kada ya zalunci mutumin, kuma bai zalunce shi ba. Yafiya tasa ce, ba tawa ba, ba zan iya bayar da ita a madadinsa ba.

Bakaniken ya yanke kuɗin aikinsa, ya ce abinci da kwana kyauta ne. Tela ya ƙirga kuɗin aikin, ya ƙara ninkinsa, ya ajiye a kan benci. Ya ce mini ba ya son bashin alherin kowa a wannan yanki. Kacar ta kai mu Buwar a ranar, washegari muka tsallaka iyaka, muka sha biki.

A hanyar dawowa na sa muka tsaya a ƙauyen. Na kai wa matarsa sukari da sabulu daga Kamaru, Mai Goro da Auta suka shiga suka gaisa. Tela bai sauka ba. Yana tsallaken titi a kan babur, bai kashe injin ba, bai kuma ce mu yi sauri ba. Mutumin ya ɗaga masa hannu yana tambayar kaca. Tela ya sunkuya ya dube ta, ya ɗago ya ce da Sango, “Tana nan lafiya.” Har yau ita ce a jikin babur ɗinsa, kuma har yau ban tambayi mutumin inda ya samo tabonsa ba.