Sunan Maigida Ya Fito Cikin Tawaga: Kin Tambaye Shi Me Zai Je Yi?

Kwanakin baya na shiga gidan wata maƙwabciyata na tarar da falo cike da mata, ana ta yi mata barka. Ashe sunan maigidanta ne ya fito cikin tawagar gwamnati da za ta je ƙasar waje. Kafin in zauna har an ciro takarda da biro: wannan tana son turare, waccan leshi, ƙanwar uwargida kuwa waya take so. Na yi kusan awa guda a wurin, ban ji bakin da ya tambayi abin da bawan Allahn nan zai je yi ba. Ni ma ban tambaya ba, kunya ta hana ni. Sai da na koma gida abin ya yi ta yi mini kai-kawo a rai.

Kada ki ɗauka ina cewa tafiyar hukuma zuwa wata ƙasa laifi ce. Manzon Allah (SAW) da kansa ya aika wakilai zuwa ga sarakuna, kamar yadda ya tura Dihyatul Kalbi da wasiƙa zuwa ga Hiraƙla sarkin Rum. Ƙasa ba ta zama ita kaɗai. Kuma ziyarar da aka shirya tsakani da Allah aiki ce mai wahala. Sai an yi ta musayar takardu tsakanin ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadanci, a tsayar da rana, a daddale abin da za a tattauna da yarjejeniyar da za a sa wa hannu. Sannan a tura 'yan share fage su duba masauki da motoci da tsaro, har da wanda zai tarbi wa a filin jirgi da inda kowa zai zauna a teburi. Akwai ma'aikatan da ke kwana ba barci a kan wannan, kuma haƙƙinsu ne a biya su.

Inda gizo ke saƙar shi ne wurin rubuta sunaye. Kowane suna da ya hau takardar yana jan tikitin jirgi da kuɗin guzuri na kowane dare, wanda ma'aikata ke kira estakod, kuma da dala ake lissafa shi. To a nan ne jerin mutum goma ke komawa arba'in. A sa ɗan gidan wane don a faranta wa ubansa, a sa wance don ta daɗe ba ta fita ba, a sa wani don ya kusa ritaya “ya ɗan samu na cefane”.

Ba zato nake faɗa miki ba. A ƙarshen shekarar 2023 an yi babban taron sauyin yanayi na duniya a Dubai, aka ga sunayen mutum 1,411 da aka yi wa rajista ƙarƙashin Nijeriya. Da surutu ya yi yawa, gwamnatin tarayya ta fito ta ce mutum 422 ne ta ɗauki nauyinsu, sauran 'yan kasuwa ne da ƙungiyoyi da jihohi da makamantansu. Ko da mun tsaya a kan 422 ɗin, ki tuna a shekarar ce aka cire tallafin man fetur, lokacin da mata da yawa suka koma auna shinkafa da gwangwani. A watan Janairun 2024 fadar shugaban ƙasa ta sanar da rage 'yan rakiya: shugaban ƙasa mutum 20 in zai fita waje, mataimakinsa 5, minista 4. Daga 1 ga Afrilun 2024 kuma aka dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai zuwa ƙasar waje da kuɗin gwamnati na wata uku. Mai lafiya ba ya neman magani. Gwamnatin da kanta ta yarda akwai ciwo.

To ga tambayar da ta kawo ni: in an sa sunan mijinki a tafiyar da shi kansa ya san ba shi da aikin yi a cikinta, amma babban sakatare ya sa hannu, akanta ya biya, komai bisa ƙa'idar ofis, kuɗin nan ya halatta?

Na san amsar da za a ba ki, don ni ma an ba ni. “Ai ba sata ya yi ba, ba shi aka yi.” Haka ne, amma wanda ya ba shi ɗin ba daga aljihunsa ya ciro ba. Amana aka damƙa masa ta baitulmali, kuma mai riƙon amana ba ya kyauta da abin da ba nasa ba. Ki duba labarin Ibnul Lutbiyya da ke cikin Bukhari da Muslim. An aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce wannan kyauta aka yi masa. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa ai da ya gani ko kyautar za ta iske shi. In kyautar da mutane suka ba ma'aikaci da hannunsu ta zama abin tuhuma, ina ga kuɗin jama'a da aka ba shi don aikin da bai yi ba?

Amsa ta biyu ta fi nauyi, kuma ba na raina ta: “In ya ƙi zuwa, sunan wani za a sa. Kuɗin dai sai sun fita, ga albashi ba ya kai wata.” Wallahi na san zafin wannan. Akwai gidan da estakod ɗin tafiya ɗaya ya fi albashin watanni, da shi za a biya kuɗin makaranta da na haya. Sai dai ki lura, wannan hujjar ba ta ce kuɗin ya yi tsarki ba, cewa kawai ta yi wani zai ci in mu ba mu ci ba. Da wannan hujjar babu ɓarnar da ba za a halatta ba. Kuma kowa a cikin arba'in ɗin nan haka ya faɗa wa kansa, shi ya sa suka kai arba'in.

Amma kada mu wuce gona da iri. Wanda ya je da aiki na gaske, ya halarci zaman, ya rubuta rahoto, sannan ya tsuke bakin aljihu ya kwana a ƙaramin otal ya rage wani abu cikin guzurin da aka yanka masa, ni ban ga laifinsa ba, ko da yake yana da kyau ya tambayi malami a kan yadda dokar ofishinsu take. Wanda ya karɓi na kwana bakwai ya dawo a rana ta uku, ko ya sa hannu a rajistar taro da safe ya wuce kasuwa, wannan kam ya san abin da ya yi.

Malaman tarihi sun kawo cewa Sayyidina Umar ya tafi karɓar Baitul Muƙaddas da hadimi ɗaya da raƙumi ɗaya, suna hawa bi da bi, rigarsa da faci. Ba cewa nake shugaban yau ya hau raƙumi ba, zamani ya canza. Abin dubawa shi ne ƙarancin rakiyar bai rage masa kwarjini ba.

Yanzu in dawo kanmu, don mu ma da hannunmu a ciki. Takardar tsarabar nan da muke rubutawa, ke a ganinki daga ina za a cike ta? Namijin da ya san in ya dawo da jaka ɗaya za a yi masa fuska, a ce mijin wance akwati huɗu ya sauke, shi ne zai bi ofis-ofis yana roƙon a sa sunansa, shi ne kuma zai bar zauren taro ya tafi neman gwal. Sau da yawa ba shi da kwaɗayin, gudun gorinmu yake yi.

Ba sai kin yi masa wa'azi ba, maza ba sa son haka. In ya kawo miki albishir, ki yi masa addu'a, ki kawo abinci, sannan cikin sanyin murya ki ce, “Alhaji, wane aiki aka ba ka a tafiyar?” In yana da shi, za ki ga ya gyara zama yana ba ki labari har ki gaji. In kuwa ya yi shiru ko ya ce “ai rakiya ce kawai”, sai ki sanar da shi cewa ke dai ba ki matsa sai an kawo miki komai ba, kuma in ya janye sunansa ba za ki taɓa goranta masa ba.

Maƙwabciyar tawa kuwa, maigidan ya dawo bayan kwana tara. An aiko mini da turarena har gida, yana nan kan madubi ban buɗe ba tukuna.