BAI CI KO KWABO BA, AMMA YA RIƘE: SHIN YA YI ZALUNCI?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Kwanakin baya wata baiwar Allah ta zo gida tare da ƙanenta, suka zauna a zaure. Mijinta manomin albasa ne a Aliero, ya rasu a 2022. Ya bar gida, da gonar fadama, da wata gona wajen Maiyama, da kuɗi a banki, da bashin da yake bin wasu 'yan kasuwa a Jega. Kafin ya cika ya damƙa amanar iyalinsa ga wansa.

Ta ce, "Malam, shekara ukku ke nan. Da anka yi sadakar arba'in, Yaya ya ce a dakata a sai da albasa. Anka sai da, ya ce a bari damina ta wuce. Yanzu in na yi magana sai a ce ban da kunya, ina zancen dukiya. Ni ko ƙuli-ƙuli nika yi ina ciyar da ɗiya huɗu."

Ban so in yanke hukunci da bakin mutum ɗaya ba, sai na je na sami wan nan nasa. Dattijo ne mai mutunci. Ya ɗauko littafi ya buɗe mini, komai a rubuce, ko kwabo bai yi ciwon kai ba. Ya ce, "Malam, in na raba, gonar ga yanki-yanki za ta koma. Samari su sai da nasu su sayi babur, gidan ƙanena ya watse." Wallahi na yarda da gaskiyarsa. Shi ya sa tambayar ta tsaya mini a rai: wanda bai ci ba, niyyarsa kuma mai kyau ce, amma ya riƙe, ya yi zalunci ko bai yi ba?

Amsar da na gamsu da ita: ya yi. Ga dalili.

Da zarar rai ya fita, dukiya ta bar hannun mamaci. A yi masa sutura daga cikinta, a biya bashinsa, a zartar da wasiyyarsa matuƙar ba ta wuce sulusi ba. Abin da ya rage ya riga ya zama na magada, tun kafin a zauna lissafi. Allah da kanSa Ya yanka kason kowa a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Rabo bayyana wa kowa abinsa ne kawai. To ka ga wasiyyi ba dukiyar ƙanensa yake riƙe da ita ba, dukiyar rayayyu ce, waɗanda ba su ce ya ajiye musu ba. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya kira jan ƙafar mai hali wajen biyan haƙƙin da ake bin sa da sunan zalunci. Bai sharɗanta sai ya cinye ba.

Akwai jinkirin da yake da uzuri, kar mu zalunci masu riƙon amana su ma. In matar mamaci tana da ciki, a mazhabarmu ta Malikiyya ana dakatar da rabo har ta haihu. In akwai masu bin bashi, dole a tantance su. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardun kotu, wannan ma yana cin lokaci. Amma duk waɗannan suna da ranar ƙarewa. "Sai bayan kaka", "sai bayan Sallah", "sai Alhaji ya dawo", su ne ba su da rana.

Mutanen Aliero sun fi kowa sanin cewa albasar da ta daɗe a ajiye, ko ɓarawo bai shiga ba, ba ta fitowa yadda aka zuba ta. Haka gado yake. A farkon 2023 litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Dala tana wajen naira 460 a watan Mayun 2023, a farkon 2024 ta wuce 1,500. Kuɗin marayun nan suna nan cif a littafi, amma abin da za su saya ya zube. Wa zai biya su wannan?

Jinkiri yana cin mutane ma. Mahaifiyar mamacin tana da sudusi, ta rasu bara ba ta taɓa ko sisi ba, alhali da kuɗin magani aka yi ta fama. Yanzu kasonta sai an sake raba shi ga nata magadan, abin da malaman fara'id suke kira munasakha. Lissafi ɗaya ya zama biyu. Dattawan da suka san iyakar gona suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Yaran da suka tashi suna kiran mutum Baffa sun fara kallonsa da wani ido. Gidan da ake tsoron rabo ya watsa shi, rashin rabon ne yake watsa shi.

Na ce wa dattijon, tsoronka yana da magani. Ba dole sai an datsa gona ba. A yi ƙima, a rubuta kason kowa a gaban shaidu. Manyan da suka yarda su ci gaba da noma tare, a raba amfani gwargwadon kaso. Rabon ƙananan marayu ka riƙe, kana ciyar da su daga ciki, har su yi hankali ka miƙa musu da shaidu, kamar yadda aya ta 6 ta Suratun Nisa'i ta tsara. Amma tumunin takabar matar nan, ita baliga ce mai hankali, da wace hujja za ka riƙe? Tsoron kar wani ya ɓarnatar da haƙƙinsa bai mayar da haƙƙin naka ba.

Ku kuma magada, maza da mata, neman gado ba rashin kunya ba ne, kuma ba ya nuna ba a ji zafin mutuwa ba. Sai dai a nema da ladabi. Kar ka kira mutum ɓarawo ba ka da hujja. Ka roƙi abu biyu kawai: a rubuta duk abin da aka bari a gaban kowa, sannan a sa rana. In ya ƙi, a sa dattawan dangi da liman. In abin ya faskara, a kai ga hakimi. In nan ma bai yiwu ba, kotun shari'ar Musulunci don haka aka kafa ta, zuwa gaban alƙali ba yanke zumunci ba ne. Gara a ji kunyar yini ɗaya da a bar wa jikoki gaba.

Da zan tashi dattijon ya ce, "To Malam, in sha Allahu bayan Sallah." Na ce, "Alhaji, wace Sallah, kuma wace rana?" Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya faɗi rana, muka rubuta, ɗansa ya sa hannu a matsayin shaida. Ina roƙon Allah Ya ba shi ikon cikawa.

Kai da kake karanta wannan, in akwai takardar gona ko makullin shagon wani mamaci a hannunka, ka tuna kai ma ba ka da tabbacin kaiwa kaka. Kar ka bari a zo raba naka a tarar da na marayu a ciki.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya raba mu da haƙƙin mutane. Wallahu a'alam.